Kafin ka sayi na'urar gem: yadda za ka gane ko kamfanoni za su ci gaba da yi mata wasanni

Tun zamanin PlayStation 2 (PS2) nake riƙe da shagon gem a unguwarmu a nan Kano. Na fara da talabijin uku masu ƙeya, benci biyu da ƙaramin janareta. Daga lokacin zuwa yau da wuya wata ya ƙare ba a samu wanda ya shigo da waya a hannu ya nuna min hotunan na'urori biyu ya ce, "Yaya, wacce ta fi ƙarfi a cikinsu?" Nakan ce ya zauna tukuna. Tambayarsa tana kan hanya, amma akwai wadda ta riga ta: wa zai riƙa yi wa na'urar nan wasanni, kuma har zuwa yaushe?

Ni ma sai da na yi asara na koyi wannan. Shekarun baya wani da ya dawo daga waje ya sayar min da wata na'ura a araha, tana nan fes a kwalinta. Na haɗa ta da babban talabijin ɗin shago, hoto tar. Satin farko yara suka yi dafifi suna kallo. Sati na biyu wani yaro da ba ya fashin zuwa bayan la'asar ya zauna, ya bi wasannin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago ya ce, "Oga, babu ƙwallon bana?" Babu. Ba a yi mata ba, kuma ba a sake yi mata ba har aka daina ƙera ta. Na naɗe wayoyinta na tura ta ƙarƙashin kanta. Laifina ne, don da na yi binciken rabin awa da ban saya ba.

Sony ke ƙera PlayStation, Microsoft ke da Xbox, Nintendo ke da Switch. Amma yawancin abin da muke bugawa ba su suke yi ba. Ƙwallon da yara ke yi wa layi ta EA ce ko ta Konami. GTA na Rockstar ne, Tekken na Bandai Namco, Resident Evil da Street Fighter na Capcom, Assassin's Creed na Ubisoft. Su nake kira kamfanonin waje. Babu wanda ya ɗaure su da wata na'ura. 'Yan kasuwa ne, inda suka ga kuɗin da za su kashe zai dawo da riba can suke kai kaya.

Don haka abu na farko, ɗauki biro da takarda ka rubuta wasanni biyar da saboda su kake son sayen na'urar, ka rubuta sunan kamfanin kowanne a gefensa. Idan abin da ya fito Mario ne da Zelda, magana ta ƙare, na Nintendo ne kuma a na'urarsu za ka same su. God of War na Sony ne. Idan kuwa takardar ta cika da ƙwallo da GTA da wasan dambe, to rayuwar na'urarka tana hannun kamfanonin waje, kuma sauran bayanin nan naka ne.

Kar ka nemi wadda ta fi kowa ƙarfi. Ka duba tazarar da ke tsakanin wadda kake so da sa'o'inta na wannan zamani. Dalili kuwa, babban wasa na cin shekaru da ɗaruruwan ma'aikata, kuma sau ɗaya ake gina shi sannan a raba wa na'urori uku ko huɗu. Idan na'urorin tsararraki ne, gyara kaɗan ya isa. Idan ɗaya ta tsaya can baya, sai an ware mata ma'aikata na daban su zauna suna rage wannan suna sake gina wancan, wani lokaci shekara guda. Wannan ƙarin kuɗin shi ne asalin maganar gaba ɗaya.

PS2 ta isa misali. Ta fito a 2000, GameCube ta Nintendo da Xbox suka biyo a 2001, kuma dukansu biyun sun fi ta ƙarfi. Amma tazarar ba ta kai ta hana wasa ɗaya gudu a kansu duka ba, ga shi PS2 ta riga su shiga gidaje. An sayar da ita sama da miliyan 150, su kuwa kowacce miliyan ashirin da 'yan kai. Shi ya sa duk wanda ya girma a shagunanmu ya san cewa abin da ake nema yana PS2. Wii ta Nintendo, wadda ta fito a 2006, ta nuna ɗaya fuskar. An sayar da ita sama da miliyan 100, fiye da Xbox 360 da PS3, amma tazararta ta yi yawa: RAM ɗinta MB 88 ne, Xbox 360 na da MB 512, kuma ba ta fitar da hoton HD. GTA IV bai je mata ba, Skyrim bai je ba, Red Dead Redemption bai je ba. Call of Duty 4 ya fito a 2007, sai a 2009 Wii ta samu nata, wanda aka sake gyarawa don ya dace da ita. Kasuwa cike da mutane, amma ƙofar ta yi wa manyan kaya kaɗan.

Lambar da na fi so a fara dubawa ita ce RAM, kuma duk mai sayen waya ya san ta. Ina kwatanta wa yara da teburin tela. Idan teburin ƙarami ne, hula da 'yar shara za su ɗinku lafiya, amma yadin babbar riga ba zai baje ba, sai an yi ta ninkewa ana warwarewa. Wasa irin GTA, mai gari guda da motoci da mutane da gine-gine, babbar riga ce. Ana iya rage kyan hoto cikin sauƙi, a dushe inuwa, a rage ciyawa. Rage girman garin da dole ya zauna a kan teburin lokaci ɗaya shi ne aikin da ke kashe wa kamfani gwiwa. Wii U, magajiyar Wii, ta zo a ƙarshen 2012 da GB 2, rabi kawai wasanni ke amfani da shi. Shekara guda bayan nan PS4 ta zo da GB 8. Switch ta farko GB 4 ce. PS5 da Xbox Series X GB 16 ne, Series S, ƙaramar Xbox ta wannan zamani, GB 10, Switch 2 GB 12. Ma'aunin da nake bi, daga abin da na gani ba daga littafi ba: idan RAM ɗin na'ura bai wuce rabin na sa'o'inta ba, ka sa a ranka manyan wasanni za su zo mata a makare, ko a rage, ko kuma ba za su zo ba.

Ko tazara ƙarama tana iya cizo. Microsoft na son duk wasan da ya fito a Series X ya fito a Series S. Da Larian ta zo fitar da Baldur's Gate 3 a 2023, ɓangaren da mutum biyu ke raba talabijin ɗaya ya ƙi zama daidai a Series S. Masu kwamfuta suka samu a Agusta, masu PS5 a Satumba, masu Xbox sai Disamba, bayan an amince a fitar da na Series S ba tare da wannan ɓangaren ba. Ga mai shago irina wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin cinikinmu duka a kan mutum biyu da talabijin ɗaya yake.

Bayan girman tebur, sai ka tambayi irin ginin cikinta, ko ya yi kama da na sauran. Wannan mutane ba sa kula da shi. PS3 ba ta da rauni ko kaɗan, amma ƙwaƙwalwarta da ake kira Cell gini ne na daban mai wahalar sha'ani, ga RAM ɗinta an raba shi gida biyu, MB 256 nan, MB 256 can. Wasanni da yawa na kamfanonin waje sun fi gudu sumul a Xbox 360. Bayonetta na PS3 ya sha suka, Skyrim kuma idan an daɗe ana bugawa ajiyar ta yi nauyi sai ya fara cijewa. Sony ta ɗauki darasi: PS4 da Xbox One duka suka koma kayan AMD irin na kwamfuta, kuma a kai ake har PS5 da Series. Wii U ita kaɗai ta tsaya a kan tsohon tsarin PowerPC, ta zama bare a tsakanin sa'o'inta.

Hanya mafi sauƙi ta gane wannan ba tare da ka zama injiniya ba ita ce ka bincika injin da aka gina wasanka da shi. Kamfanoni ba sa fara kowane wasa daga tushe. Akwai manhajar da suke ɗora shi a kai, irin su Unreal da Unity, da Frostbite na EA. Idan injin ya zauna a na'ura, duk wasannin da ke kansa sun samu hanya. Idan bai zauna ba, dukansu sun tsaya a waje tare. Frostbite bai taɓa zama a Wii U ba, kuma a watan Mayun 2013, wata shida kacal da fitowarta, EA ta ce ba ta da wani wasa da take yi mata. FIFA 13 ne FIFA na farko kuma na ƙarshe a kanta. Nintendo ma ta gyara a Switch: ta ɗauko ƙwaƙwalwar Nvidia, kuma Unreal da Unity suna aiki a kanta tun farko.

Sai yawan waɗanda suka saya, wanda shi ke yanke hukunci idan ƙarfi ya gaza. Wii U ta tsaya a kusan miliyan 13 da rabi duk rayuwarta. Switch, da ta fito a Maris 2017, ita ma ba ta kai PS4 ƙarfi ba, amma ta haura miliyan 150. Da kamfanoni suka ga wannan taro sai suka fara biyan kuɗin da a da suke ƙyashi. Aka ɗauko hayar kamfanonin da sana'arsu ita ce matse babban wasa ya shiga ƙaramar na'ura. Panic Button ta kai Doom a 2017. Saber Interactive ta kai The Witcher 3 a 2019, duka wasan a kati ɗaya mai GB 32. Na riƙe shi a hannuna na buga. Hoton ya ɗan yi hazo, kamar kana hangen gari da safiyar hunturu, amma komai yana nan, doki, dazuzzuka, kasuwar Novigrad da hayaniyarta. Na daɗe ina juya na'urar ina mamakin aikin da mutanen nan suka yi. Sai dai ka lura da shekarun: wasan ya fito a 2015, ya iso Switch bayan shekara huɗu. Hogwarts Legacy ya fito a PS5 a Fabrairun 2023, a PS4 a Mayu, a Switch sai Nuwamba. Mai ƙaramar na'ura yana samu, amma shi ne na ƙarshe a layi. GTA V kuwa, wanda tun 2013 yake PS3, bai taɓa zuwa Switch ta farko ba, haka ma Call of Duty.

Kar kuma ƙarfi kaɗai ya ruɗe ka. Dreamcast ta Sega ta fi duk na'urorin da ke kasuwa lokacin da ta fito, amma EA ba ta yi mata wasa ko ɗaya ba, kuma a 2001 Sega ta daina ƙera ta. A cikin waɗanda ake riƙewa a hannu, PS Vita ta Sony ta fi 3DS ta Nintendo ƙarfi nesa ba kusa ba, amma 3DS ce ta cika hannun mutane, manyan kamfanoni suka bi ta can.

Yanzu ga wurin da ya fi shafar mu a nan, wato abin da ake zuba wasan a ciki. Tsohuwar matsala ce. Nintendo 64 ta 1996 ta fi PlayStation ta farko ƙarfi ta fuskoki da dama, amma kaset take ci, mafi girmansa MB 64, ga tsadar bugawa. Faifan PlayStation kuwa yana ɗaukar kusan MB 650 kuma araha ne. Square, wadda ta daɗe tana tare da Nintendo, ta kwashe Final Fantasy VII ta kai PlayStation a 1997 a kan faifai uku, wasu kamfanonin suka bi bayanta. Yau salon ne ya canza. Katin Switch mai girma yana da tsada ga kamfani, don haka wasu sukan zuba rabin wasan a ƙaramin kati su bar maka sauran ka sauke. A Switch 2 har akwai katin da ake kira Game-Key Card, wanda babu wasan a cikinsa sam, mabuɗi ne kawai, sai ka sauke duka daga intanet. Series S ba ta da wurin sa faifai ko kaɗan. Ga mutumin da ke Landan wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa, wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar saukewa, GB 60 ko 100 lissafi ne da dole ya shiga cikin farashin na'urar. Kafin ka biya kuɗin kowane wasa, juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun gaba da baya. Ana rubuta ko sai da intanet, da yawan abin da za a sauke. Na sha karɓar kwali daga hannun yaro in nuna masa layin da ɗan yatsa, ya yi shiru yana lissafi.

Wani tarkon shi ne suna ɗaya, wasa daban. Ganin sunan a jerin wasannin na'ura bai isa ba, sai ka san wane iri aka kawo mata. Daga FIFA 20 zuwa FIFA 23, na Switch an rubuta masa Legacy Edition. Ma'anarsa, kamar yadda EA da kanta ta bayyana, an sabunta riguna da sunayen 'yan wasa amma salon bugun na baya ne. Sai a EA Sports FC 24, magajin FIFA, a 2023, aka kai Frostbite Switch. Akwai kuma waɗanda aka rubuta wa Cloud Version, irin su Control da Hitman 3 a Switch. Wannan ba a na'urarka wasan yake gudu ba, yana can a wata babbar kwamfuta a wata ƙasa, hotonsa ake turo maka kai tsaye. Da irin sabis ɗin da muke da shi, shawarata ka ɗauka kamar babu wasan a na'urar. Abin da nake yi kullum shi ne in shiga YouTube in rubuta sunan wasan da sunan na'urar tare, in kalli wanda wani ya ɗauka yana bugawa a gidansa, ba tallar kamfani ba. Talla kusan kullum daga na'ura mafi ƙarfi ake ɗaukar ta. Ka kalli wurin da mutane suka cika allo ko ake gudu da mota, nan ne rauni ke fitowa.

Idan na'urar sabuwa ce, kar ranar fitowarta ta ɗauke maka hankali. Wii U ta fito da Call of Duty: Black Ops II, Assassin's Creed III, Mass Effect 3 da FIFA 13 a tare da ita, kamar kowa ya hallara. Cikin 'yan watanni aka fara zamewa. Rayman Legends na Ubisoft, da aka shirya mata ita kaɗai a Fabrairun 2013, aka ɗage shi zuwa ƙarshen damina don ya fito a sauran na'urori ma. Kamfani kan gwada ruwa da ƙafa ɗaya; abin dubawa shi ne ko wanda ya kawo wasa a shekarar farko ya dawo da na biyu. Switch 2 ta fito a 5 ga Yuni 2025 da Cyberpunk 2077 da Street Fighter 6, kuma wannan alama ce mai kyau, domin tazararta da sa'o'inta ba ta kai ta Switch ta farko ba. Duk da haka, wanda ƙwallo da GTA ne damuwarsa, ina ce masa ya duba jerin abin da aka sanar zai fito nan da wata shida ko shekara, ya ga sau nawa sunan na'urar ya bayyana a ƙarƙashin wasannin da ke takardarsa.

Idan kuma ta hannu ce, wadda yawancinmu muke saye, to shekarunta za ka ƙirga. Na'urar da ta shiga gidaje da yawa tana daɗewa ana yi mata hidima, musamman ƙwallo. PS2 ta samu FIFA 14 da PES 2014 a 2013, shekara goma sha uku da fitowarta. PS3 ta kai har FIFA 19. Amma manyan wasanni masu nauyi su ke fara sallama. Cyberpunk 2077 ya fito a PS4 a Disamban 2020 yana tangal-tangal, har Sony ta cire shi daga shagonta na intanet na kusan wata shida, kuma ƙarin labarinsa na 2023 bai zo PS4 ba. Tekken 8 bai zo mata ba. Mortal Kombat 1 ya tsallake ta. GTA VI an sanar da shi ne a PS5 da Xbox Series. Tsarin kusan ɗaya ne kowane zamani: masu buɗaɗɗen gari su fara tafiya, masu dambe su bi, ƙwallo ta rage ita kaɗai tana zuwa shekara-shekara, har ranar da za ka ga an rubuta mata Legacy Edition.

Kwanan baya ɗan yayata ya zo da kuɗin da ya tara daga gyaran waya, ransa na kan ƙaramar na'urar da ake riƙewa a hannu da ya gani wurin abokinsa. Muka zauna a bencin ƙofar shago bayan magariba, na miƙa masa biro. Ya rubuta ƙwallo, GTA V, Mortal Kombat 11, God of War, sai ya tsaya ya ce huɗun nan sun ishe shi. Muka bi su ɗaya-ɗaya a wayarsa. Biyu babu su a na'urar da yake so. A PS4 duka huɗun suna nan, a faifai, kuma ana samun na hannu a kasuwa. Na gaya masa gaskiya cewa sabon GTA ba zai zo mata ba, kuma ƙwallon ma akwai shekarar da za ta tsaya. Ya ce, "Kawu, kafin nan na tara na PS5." Ranar Asabar muka tafi tare, muka sa mai shagon ya kunna ta, muka buga wasa biyu cikakku muna sauraron ƙarar fankarta kafin ya ƙirga kuɗin.